Alƙalami ko Kwano: Ya Dace Mai Ƙiyasin Ɓarna Ya Riƙa Dillancin Rufi?

Duwala, a ƙasar Kamaru, gari ne da rufi ba ya samun hutu. Ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 3,500, wato ya ninka na Kano sau uku zuwa huɗu. Damina na farawa tun Maris, ta yi ƙamari a Yuli da Agusta, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Iskar farkon damina tana yaye kwano, danshi yana ruɓar da katako, iskar teku kuma tana cin ƙarfe. A Kassalafam da Unguwar Congo da sauran lungunan New Bell, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun bayan da Jamusawa suka buɗe wurin a 1914, gida yana manne da gida, kwano yana shafar kwano. Shi ya sa idan wuta ta tashi ba ta tsayawa a shago ɗaya, kamar yadda aka gani a gobarar kasuwar Congo ta 2012 da ta 2019.

Duk lokacin da irin wannan ta faɗa wa mai inshora, mutum biyu ne ke zuwa ƙofarsa. Na farko shi ne mai ƙiyasin ɓarna, wanda mutanen gari ke kira eksper: ya hau, ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa da kuɗin da ya kamata a biya. Na biyu shi ne mai kwano, ko dillalinsa, wanda zai sayar da sabon rufi ya kawo kafinta. Tambayar ita ce: shin ya dace mutum ɗaya ya riƙe sana'o'in nan biyu, yau ya zo da alƙalami, gobe in aikin ƙiyasi ya yi sauƙi ya zo da samfurin kwano?

Yadda sana'ar take

Mai ƙiyasi mai zaman kansa ba ma'aikacin kamfanin inshora ba ne. Ba shi da albashin wata. Kamfani ne ke kiransa idan an kawo ƙorafi, a biya shi ladan wannan aikin kaɗai. A Kamaru wata doka ta 1990 ce ta tsara sana'ar ƙwararrun masu ƙiyasi, harkar inshorar kanta kuma tana ƙarƙashin kundin CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, ta fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ne ke bin wannan kundi, ciki har da Nijar da Chadi da Benin. Sashe na 31 na kundin ya kafa ginshiƙin lamarin: inshorar dukiya mayar da hasara ce, ba a biyan mutum fiye da darajar abin da ya rasa a ranar da ya rasa shi. Wanda ke faɗin wannan daraja shi ne eksper. Kuɗin suna bin sa hannunsa.

A Amurka ne wannan muhawara ta fi zafi. Can akwai dubban masu ƙiyasi da ke zaman jiran masifa. Idan mahaukaciyar guguwa irin Katrina ta 2005 ko Harvey ta 2017 ko Ian ta 2022 ta wuce, sai a kira su, su yi makonni ko watanni suna aiki dare da rana, ana biyansu gida-gida. Guguwa na wucewa waya ta daina ƙara. A wannan tsakanin ne kamfanonin rufi ke zawarcinsu, musamman a jihohin da ƙanƙara ke faɗuwa kamar Teksas da Oklahoma da Kolorado, su bi ƙofa-ƙofa suna tallar sabon rufi a kan kamasho. Kamfanin rufi ya san abin da yake saye: mutumin da ya san yadda ake rubuta takardar da inshora za ta biya.

A Duwala abin bai kai haka ba, amma jijiyarsa ɗaya ce. Yakan zo a sifar eksper da ke da hannun jari a shagon kayan gini, ko wanda ƙaninsa ke da tawagar kafintoci, ko wanda bayan ya gama awo zai ce wa mai sito, "Alhaji, in ka tashi gyara ka neme ni, ina da mutane."

Hujjar masu cewa ba laifi

Hujjarsu ta farko ita ce ciki. Kasuwar inshora a Kamaru ƙarama ce, duk kuɗin da ake zubawa a shekara bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, kuma kaso mai tsoka na inshorar dukiya na motoci ne, domin ita doka ta tilasta. Gidajen da ke da inshorar gobara kaɗan ne: galibi manyan sito-sito, da shagunan manyan 'yan kasuwa, da gidajen da aka gina da bashin banki. Mai ƙiyasin gine-gine na iya yin makonni bai samu kira ba, alhali kuɗin haya da na makarantar yara ba sa jiran gobara. Masu wannan ra'ayi sukan ce in aka hana shi neman halak da iliminsa, ɗayan biyu ne zai faru: ko ya bar sana'ar ta koma hannun waɗanda ba su iya ba, ko yunwa ta sa ya miƙa hannu ga wanda ya fi tayi. A ganinsu eksper mai ƙoshi ya fi eksper mai yunwa iya cewa a'a.

Ta biyu ita ce sani. Wanda ya yi shekaru yana hawa rufi yana iya bambance kwanon da iska ta yaye da wanda ƙusarsa ta riga ta sake. Ya san bambancin alminiyom ɗin da ake narkawa a garin Edeya tun 1957, ake murza shi ya zama kwano, da langa-langar ƙarfe da za ta yi tsatsa cikin 'yan damuna. Ya san cewa ana sayar wa mutum kwano a ce masa kaurinsa rabin milimita ne alhali bai kai ba, kuma ya san yadda ake aunawa. Mafi yawan mutanen Kassalafam ba su da inshora, ba su da injiniya, kafinta ne ke faɗa musu abin da za su saya. Me zai sa a kulle irin wannan sani a cikin jaka? Duwala ta san kuɗin jahilci a gini. Benen da ya rufta a unguwar Ange Raphaël ranar 23 ga Yulin 2023 ya ci rayuka fiye da 30. Masu goyon baya suna cewa garin da ke fama da irin wannan ba shi da hujjar hana masani shiga kasuwar kayan gini. Har ma sukan ƙara da cewa ribar tana tafiya gaba da baya: eksper da ya yi ciniki a kasuwannin Mboppi ko Camp Yabassi ya san farashin yau, ba zai rubuta wa mai hasara farashin bara ba.

Ta uku ita ce al'ada. Bahaushe bai saba da sana'a ɗaya ba. Malami yana ɗinkin hula, manomi yana tafiya cin rani, mahauci yana kiwo. Dillali kuma yana tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa, ba wanda ya taɓa kiransa maci amana don haka kawai. Abin da ke tsare shi shi ne sunansa. A unguwar da kowa ya san kowa, ake haɗuwa a sahu ɗaya sau biyar a rana, wanda ya cuci Alhaji a rufi ba zai sake samun aiki a layin ba. Masu wannan hujja suna ganin idon unguwa ya fi kowace takardar doka kaifi.

Ta huɗu ita ce taimakon mai rauni. Yarjejeniyar inshora da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta, da ƙananan haruffa. Ɗan kasuwa na iya rashin sanin cewa akwai wa'adin kai rahoto, wanda a kundin CIMA ba ya gaza kwanaki biyar na aiki, ko cewa inshorar gobara ba lallai ta haɗa da ɓarnar iska ba sai in an rubuta. Dillalin rufin da ya san cikin gidan inshora zai iya tunatar da shi kafin lokaci ya ƙure, ya nuna masa hotunan da ya kamata ya ɗauka kafin a share wurin.

Hujjar masu cewa bai dace ba

Masu adawa sukan fara daga inda alƙalami ke yanke hukunci. Ƙiyasi ba lissafin ɗaya da ɗaya ba ne. Akwai wurare uku aƙalla da ra'ayin eksper ke juya miliyoyi. Na farko, dalili: iska ce ta yi ɓarna, ko tsufa da rashin kula? Na biyu, girma: a sauya falle goma, ko a kwance rufin gaba ɗaya? Na uku, ragin tsufa: kashi nawa za a cire daga kuɗin sabo saboda shekarun da tsohon ya yi? A kowane ɗaya cikin ukun, mutum biyu masu gaskiya na iya saɓawa. To in ɗayansu yana da kamasho a amsa ɗaya, ba shi da ko sisi a ɗayar fa? A ce faci zai ci jaka 600 na sefa, sabon rufi kuma miliyan 5, kamasho kashi 10. Bambancin da ke tsakanin jaka 60 da jaka 500 yana tsaye a kafaɗarsa lokacin da yake duban tsatsar. Ba sai ya yi ƙarya ba. Ya isa idonsa ya riƙa ganin abin da zuciyarsa ke so.

Na biyu, ba kullum kamfanin inshora ne ke cutuwa ba. Eksper na cin abinci ne daga kamfanin da ke kiransa, don haka akwai wata hanyar da ta fi muni: ya rage ƙiyasi don ya faranta wa kamfani, sannan ya juyo ga mai gida ya ce kada ya damu, shi zai yi masa aikin a kan wannan kuɗin. Sai a rufe da kwano mai shara-shara da ɗanyen katako. Kamfani ya yi murna, dillali ya ci, mai gida kuma sai damina ta uku zai gane. Ko kuma a bi ta lallashi mai kama da barazana: in aka ba shi aikin, takarda za ta fita da wuri. Mutumin da kayansa ke jiƙewa a sito ba ya cikin halin yin ciniki da wanda ke riƙe da rahotonsa.

Na uku, sirri. Eksper yana ganin abin da ba kowa ke gani ba: wa ke da inshora, ta nawa, yaushe za a biya shi. In ya ɗauki wannan ya kai shagon kwano, ya ci amanar fayil, ya kuma danne kafinta da ɗan kasuwar da ba su da wannan taga.

Na huɗu, masu adawa ba su yarda akwai wani abu wai shi tsakanin aiki da aiki ba. Wanda ka sayar wa rufi bana shi ne zai kawo ƙorafi baɗi. In iska ta ɗauke wannan rufin, tambayar farko ita ce ko an kafa shi daidai, kuma ga wanda ya kafa shi an miƙa masa alƙalami. A Amurka mutum na iya tallar rufi a wata jiha ya yi ƙiyasi a wata mai nisan kilomita dubu. A Duwala masu inshora, da masu sayar da kwano, da masu ƙiyasi, duk ba su da yawan da za su kasa haɗuwa.

Suna kuma da shaidun waje. A 2013 jihar Teksas ta yi doka da ta hana mai ƙiyasi duba ɓarnar rufi a madadin kamfanin inshora muddin shi ɗan kwangilar rufi ne ko yana sayar da kayansa, ta kuma hana ɗan kwangila zama wakilin mai gida wajen neman diyyar gidan da zai gyara. Faransa, wadda tsarin Kamaru ya ɗebo abubuwa da yawa daga nata, ta haramta wa mai ƙiyasin motoci sayar da mota ko gyaranta ko cinikin kayanta. A Fulorida kuwa, inda 'yan kwangilar rufi suka riƙa karɓar haƙƙin neman diyya daga hannun masu gida suna kai kamfanoni kotu, alƙaluman 2019 sun nuna jihar na da kusan kashi 8 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafen inshorar gidaje a Amurka, amma kashi 76 na ƙararrakin. A 2022 kaɗai kamfanoni shida suka durƙushe, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, har majalisar jihar ta soke wannan hanya a ƙarshen shekarar.

A ƙarshe sukan koma ga abin da almajiri ya karanta a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa daga Sakkwato har New Bell, ta sanya mai jawo wa kansa amfani cikin waɗanda ba a karɓar shaidarsu. Ba don an tabbatar ya yi ƙarya ba, sai don tuhuma kaɗai ta isa. Rahoton eksper kuwa shaida ce, ko da ba a gaban alƙali aka bayar ba.

A ɗora a kan ma'auni

Ba duka hujjojin nan ne ke da nauyi ɗaya ba. Misalin Fulorida yana da ban tsoro, amma bai zauna daram a kan Duwala ba. Abin da ya lalata can ya haɗa da dokokin kuɗin lauyoyi da yawan guguwa, kuma kusan kowane gida mai bashin banki yana da inshora. A nan rufin da ke da inshora tsiraru ne, ba za a ga ayarin dillalai suna bin ƙofa-ƙofa bayan kowace iska ba. Haka nan hujjar ciki gaskiya ce tsagwaronta. Duk wanda ya ce eksper ya zauna hannu rabbana har gobara ta tashi bai kawo mafita ba. Hujjar sani ita ma tana tsaye: unguwa na buƙatar idon da ya iya duba rufi.

Amma misalin dillali, wanda shi ne ya fi shiga zuciya, shi ne ya fi rauni. A dillanci mai saye yana nan, mai sayarwa yana nan, kowa ya san akwai la'ada, kowa na iya cewa albarka ya tashi. A inshora wanda ke biya ba ya wurin. Kuɗin da za a ƙara wa rufin Alhaji ba daga aljihun wani attajiri a unguwar Akwa ko Bonanjo kaɗai suke fitowa ba. Daga tarin zubin sauran masu inshora suke fitowa, kuma in tarin ya ragu su za a ƙara wa farashi. Idon unguwa yana kama wanda ya cuci maƙwabci. Ba ya kama wanda ya yi wa maƙwabci alheri da kuɗin mutanen da ba a gani. Irin wannan ma yabonsa za a yi, a ce mutumin kirki ne, ya tsaya wa namu. Tsaron da masu goyon baya suka dogara da shi yana aiki ta gefe ɗaya ne kawai.

Ƙanƙantar kasuwa ma takobi ce mai kaifi biyu. Ita ta sa eksper ke neman sana'a ta biyu, ita kuma ta sa kasuwar ba za ta iya jure zargi ba. Yawancin 'yan kasuwarmu sun riga sun ɗauka cewa inshora karɓa ta iya, biya sai an sha wuya, wasu kuma suna da damuwar addini a kanta. A 2019 CIMA ta amince da ƙa'idojin takaful, tsarin da mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don ɗaukar nauyin juna, irin wanda Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi a Najeriya. In wannan tsari zai yi saiwa a kasuwannin New Bell, to a kan amana zai yi. A takaful ba a ma iya fakewa da cewa kamfani aka ci, domin asusun na 'yan layi ne. Labari ɗaya na eksper da ya rubuta ƙiyasi da safe ya kawo kwano da yamma ya isa ya mayar da hannun agogo baya.

Matsaya

A ganina an haɗa abu biyu ne da ya kamata a raba: sayar da sani da sayar da kaya. Mai ƙiyasi na iya cike giɓin lokacinsa da iliminsa ba tare da ya taɓa kamasho ba. Ya duba wa mai gida rufi kafin damina a kan lada sananne. Ya raka mai gini kasuwa ya auna masa kaurin kwano. Ya sa ido a kan aikin kafinta, ya kimanta gida ga mai saye ko magada, ya koyar da matasa. A duk waɗannan ladansa ɗaya ne, ko ya ce a sauya rufi ko ya ce a bar shi, don haka ba abin da ke jan idonsa. Gaskiya ne wannan ba ya kawo kuɗi kamar dillanci, kuma mutanenmu ba su saba biyan shawara ba. Amma wanda ya taɓa kwance rufi bayan shekara uku ya san shawarar ta fi araha.

Wanda kuma ya ga cinikin kwano ya fi masa, babu aibu a ciki, sana'a ce ta halak. Sai dai ya ajiye alƙalamin rufi muddin yana cikinta, ya sanar da kamfanonin da ke kiransa a rubuce, kuma ko bayan ya dawo kada ya karɓi fayil ɗin gidan da ya sayar wa kaya. Shagon mata ko na ƙane ko na ɗa yana cikin wannan hukunci, domin ta nan aka fi zagayawa.

Kamfanonin inshora su ma suna da nasu kason. Wanda ke son eksper mai tsarkin hannu sai ya biya shi lada mai kyau a kan lokaci, ya daina auna ƙwazonsa da yawan abin da ya rage wa masu hasara. Ƙungiyarsu ta ASAC da ƙungiyar masu ƙiyasi za su iya sa kowane rahoto ya ɗauki layi guda inda eksper zai shaida cewa ba shi da alaƙa da wanda zai yi gyaran.

Shi kuma mai gida ko mai shago, ya san cewa rahoton eksper ɗin kamfani ba hukuncin ƙarshe ba ne. Yana iya ɗauko nasa mai ƙiyasin, in biyun suka saɓa a nemo na uku. Ya nemi lissafin aiki daga wuri biyu ko uku waɗanda shi ya zaɓa. In kuma wanda ya zo awo ya fara yi masa tallar kwano, ya gode masa, ya rubuta wa kamfanin takarda a ranar yana neman a turo wani.